Shirun Mwalimu Situma

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a gundumarmu, nan yammacin Kenya, mai suna Jotham Situma. Amma in ka shiga ofis ka ce Jotham kake nema, ba wanda zai gane ka. Mwalimu, wato malam, kowa ke ce masa, domin da koyarwa ya fara. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koya wa matasa walda a cibiyar koyon sana'a ta bayan kasuwa, kafin a dawo da shi ofis.

Na yi shekara shida teburina yana kallon nasa, saboda haka abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba.

Aikinsa aiki ne da ba mai sha'awarsa. Tun da aka raba mulki, gwamnati biyu gare mu a gari ɗaya. Akwai ta gunduma, mai riƙe da cibiyoyin koyon sana'a. Akwai ta ƙasa, wadda ita kaɗai ke yi wa ɗalibai jarrabawa ta ba su takardar shaida. Titi ɗaya ne ya raba ofisoshinsu, amma ba sa ga maciji. Mwalimu Situma shi ne mai tsallaka titin nan, safe da yamma, yana lallashin wannan yana ba wancan haƙuri.

Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a kanta. Ba ya aika wasiƙa sai ya fara zuwa da ƙafarsa, ya zauna ya sha shayi da wanda za a aika wa, ya gaya masa abin da ke tafe. Yakan ce ba abin da babban ma'aikaci ya tsana kamar ya ji labarin ofishinsa a bakin wani.

A lokacin da abin nan ya faru, saura wata uku ya yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya yana aiki, fayil ɗinsa ko takardar gargaɗi ɗaya babu. Sunansa kuma yana gaban kwamitin ƙarin girma, wanda ya shekara shida yana jira.

Sai aka kawo mana sabon darakta, Dokta Lusweti. Bai fi shekara talatin da biyar ba, ya yi karatu a waje, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kai. Wata biyu da zuwansa ya shawo kan kamfanin da ke gina sabuwar masana'antar sukari, suka yi alkawarin ɗaukar ɗalibanmu masu walda su casa'in, har da ɗakin kwana ga kowa. Sharaɗinsu ɗaya ne: takardar shaida ta ƙasa, kuma sunaye su isa gare su kafin ƙarfe huɗun yammar wata Juma'a. In ba haka ba, za su kawo ma'aikata daga wani gari.

Lokacin jarrabawa bai yi ba, don haka dole a roƙi Nairobi ta yi mana ta musamman. Mwalimu ya tsara wasiƙar ya kai wa darakta ya sa hannu.

Dokta Lusweti ya fito da ita har tsakiyar ofis, jan biro a hannunsa.

Ya ce, "Mwalimu, wannan layin na mene ne? Ta hannun Madam Chelimo?"

Mwalimu ya miƙe tsaye. "Yallaɓai, ai haka ake yi. Ita ce wakiliyar gwamnatin ƙasa a kan sana'o'i a nan. Duk wasiƙar da za ta Nairobi ta hannunta take bi. Ta buga hatimi, ta rubuta ra'ayinta a ƙasa, sannan ta tura."

"Ta tura yaushe? Bayan an fara sayar da sukarin? Wanda zai duba wasiƙar nan a Nairobi tare muka yi makaranta. Ba na bukatar izinin wata mata mai hatimi."

Ya ja jan layi a kan sunanta.

Mwalimu ya sassauta murya. "To, Yallaɓai, ko ba za a bi ta hannunta ba, bari in tsallaka in sanar da ita."

Darakta ya yi dariya, irin wadda ake yi don mutane su taya. "Baba, faɗi gaskiya, shayi kake so ka je ka sha. Shekara ashirin kana yawo da fayil a hammata kamar mai tallar jarida, shi ya sa har yau kana wannan teburin. Je ka zauna, ka bar masu aiki su yi aiki."

Wasu sun yi dariya. Cikinsu har da waɗanda Mwalimu ne ya nuna musu yadda ake buɗe fayil. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ni ma da ban yi dariyar ba, ban ce uffan ba.

Mwalimu ya koma ya zauna. Lambar Madam Chelimo tana cikin wayarsa, shekara tara suna aiki tare. Na ga ya ɗauki wayar, ya dube ta, ya kife ta a kan tebur. Mako uku cur bai tsallaka titin nan ba.

Abokin darakta ya amince ta waya. Aka sa ranakun jarrabawa: Talata, Laraba da Alhamis. Kwana uku na mutum casa'in, Juma'a a kai sunaye.

Ranar Litinin da safe aka bugo daga Kisumu, inda masu jarrabawar suke. Suka ce ba su ga takardar sallama daga Madam Chelimo ba, kuma ba su isa su taso ba sai da ita.

Ashe babban Madam Chelimo na Nairobi ya tambaye ta a wani taro, a gaban takwarorinta na gundumomi, yaya shirin jarrabawar da za a yi a gundumarta. Ta ce wace jarrabawa? Ɗakin ya kwashe da dariya. Kafin ta dawo gida an riga an turo mata takarda, ta yi bayanin dalilin da ya sa ba ta san abin da ke gudana a wurin aikinta ba.

Darakta ya shiga ya fita yana buga waya, yana cewa yanzun nan zai gyara. Da ya ga ba ta gyaru ba, sai ya tsaya a kan Mwalimu.

"Ba kai ne mutuminta ba? Je ka ji me take so."

Mwalimu ya tsallaka. Sakatariyarta ta ce Madam tana da baƙi. Ya zauna har aka tashi aiki, ba a kira shi ba.

Daga can ya wuce cibiyar, ni ma na bi shi. Ɗalibai suna ta gwaji a rumfa, ba su san komai ba. Wata mata ta ɗaga gilashin walda daga fuskarta ta nufo mu. Roselyne Nanjala ke nan. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ta kai 'ya'yanta biyu ƙauye wurin mahaifiyarta, can gindin dutse, ta zo ta yi wata tara tana koyon sana'ar nan, tana kwana a ɗakin wata 'yar uwarta. A duk ajin ba mai hannunta.

Ta ce, "Mwalimu, zo ka duba min wannan."

Ya karɓi ƙarfen ya juya shi, ya bi haɗin da ɗan yatsa. "Wannan ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Ta washe baki. "Na gaya wa yara ƙarshen wata zan zo in ɗauke su. An ce ɗakunan kamfanin har da famfo a tsakar gida. Ƙaramar kullum sai ta tambayi kakarta saura kwana nawa."

"Ke ce ta nawa a jerin?"

"Ta tamanin da uku. Ban yi rajista da wuri ba. Sai ranar Alhamis za a zo kaina, ko?"

Mwalimu ya ce, "Haka aka tsara." Bai iya haɗa ido da ita ba.

Talata ta waye, ranar da ya kamata a fara. Tun ƙarfe bakwai da rabi yana kan bencin ofishin Madam Chelimo. Mai shayi ta zagayo da buta da mandazi, irin fankenmu na nan, ta ba kowa, ta tsallake shi. A wannan ofishin, wanda ba a ba shayi ba ya san matsayinsa.

Sai ƙarfe huɗu aka ce ya shigo.

Madam Chelimo doguwar mace ce mai furfura a goshi, ba ta ɗaga murya. Ba ta ce ya zauna ba.

Ta ce, "Mwalimu, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka san da wasiƙar nan?"

Ya ce, "Madam, ba ni na sa hannu ba."

"Ina da ido, na ga wanda ya sa hannu. Cewa na yi ka san da ita?"

"Madam, ni ɗan aike ne. Abin da manya suka yanke..."

Ta ɗaga hannu. "Ya isa. Kuna tsammani hatimi nake so in buga don in ji daɗi? Kafin a yi jarrabawa ni ce zan je in duba wayoyin wuta da tukwanen gas. In wani ya ƙone a rumfar nan, sunana ne a takarda, ba na daraktanku ba. Yanzu Nairobi na ganin barci nake yi a ofis. Ina son takarda a rubuce, daga ofishinku, mai cewa an tsallake ni da gangan, da sa hannun wanda ya san yadda aka yi. In ta zo, in saki masu jarrabawa. In ba ta zo ba, a ofishina babu wata jarrabawa."

"Madam, yaran nan..."

"Da yaran ne a ranku, da kun tuna da su mako uku da suka wuce. Rufe min ƙofa in ka fita."

Ya dawo ya gaya wa darakta. Dokta Lusweti ya yi tsalle ya dire.

"Ni in rubuta mata ban haƙuri? Ni? Ta daɗe ba ta gani ba!"

Ya sake kiran abokinsa na Nairobi. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira sau huɗu a gabanmu, a na biyar ya ji ta a kashe.

Sai ya jawo kwafin wasiƙar ya ɗora yatsa a ƙasanta. "Waɗannan haruffan sunan wa ne? J.S. Kai ka tsara ta. Kai ne mai kula da hulɗa da gwamnatin ƙasa, ba ni ba. In akwai mai rubuta takarda, kai ne."

Laraba da safe muka tarar da ofishinsa a kulle. Direba ya ce ya kai shi filin jirgi, wai yana da taro a Nairobi.

Kwana biyu sun tafi. Mwalimu ya zauna ya jawo farar takarda.

Na ja kujera kusa da shi. "Mwalimu, kada ka yi. Kwafin takardar nan fayil ɗinka zai shiga. Kwamiti zai zauna wata mai zuwa. Kowa a nan shaida ne, shi ya goge layin. Don me za ka ɗauki laifin wani?"

Ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce:

"Ba laifin wani zan ɗauka ba, nawa zan ɗauka. Ranar da yaron nan ya ci min mutunci, na san sarai abin da zai biyo baya. Kira ɗaya zan yi wa matar nan, ta yi fushinta a waya, ta zo ta duba rumfa, shi ke nan. Na ɗauki wayar. Sai na ce a raina, bar shi ya je ya daki bango, ya san amfanin masu yawo da fayil. Kullum da safe in na zo sai in tuna, sai in ce bar shi. Mako uku ina jiran ranar da zai ji kunya. To ga ranar ta zo. Shi yana cikin jirgi, Nanjala tana rumfa tana jira."

Na mayar da kujerata, shi kuma ya ɗauki biro.

Da hannunsa ya rubuta, bai ba kowa ya buga masa ba. Ya rubuta cewa an cire sunan Madam Chelimo a gabansa. Ya rubuta cewa ya san ƙa'ida, aikinsa ne ya sanar da ita, ya sami mako uku bai yi ba, kuma ba mantuwa ba ce, fushi ne. Bai zagi kowa ba, bai kuma rage komai ba. A sama ya sa adireshin Nairobi, ƙarƙashinsa ya rubuta: ta hannun Madam Chelimo.

Na raka shi. Wannan karon ba a bar shi a benci ba.

Ta karanta sau biyu. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Jiya ka ce min kai ɗan aike ne."

"Jiya tsoro nake ji, Madam."

"Ka san abin da wannan za ta yi maka?"

"Na sani."

"Da jiya ka faɗi haka, da yanzu ana walda." Ta ja numfashi. "Zauna, Mwalimu."

Ta buga hatimi. Ta rubuta layi uku a ƙasa, ta juyo da takardar don ya gani. Ta ce an tura, ta ce sa hannun da ke kan wasiƙar farko ba na wannan ma'aikacin ba ne, kuma mai sa hannun ya ƙi zuwa. Ta ce a shekara goma sha tara da ta yi tana aiki, wannan ne mutum na farko da ya kawo mata laifinsa da ƙafarsa don aikin wasu ya tafi.

Kafin azahar tana cibiyar da kanta, tana jan wayoyi tana shinshina tukwanen gas. Ta sa aka canza guda biyu. Sannan ta bugo Kisumu. Suka ce sai gobe da safe za su iso.

Aikin kwana uku ke nan za a yi a kwana ɗaya da rabi, kuma injin walda shida kacal cibiyar take da su.

Mwalimu ya hau babur ɗin haya ya bi gari. Duk mai walda na bakin titi da ya taɓa zama ɗalibinsa sai da ya tsaya a kansa.

Wani ya ce, "Mwalimu, in na ba ka injina, ni in ci me?"

Ya ce, "Ka ci abin da ka ci ranar da ka ƙona min wando a aji, ban kai ka ƙara ba. Ɗauko shi."

Mutumin ya yi dariya ya cire filogi. Kafin yamma an tara inji biyar a kan amalanke.

Alhamis ƙarfe tara masu jarrabawa suka iso, su huɗu. Shugabansu wani siririn dattijo ne da ba ya dariya. Kowane ɗalibi sai ya yi haɗi iri uku. A jira ƙarfen ya huce, a yanka shi, a sa a maƙama a lanƙwasa, a ga ko zai tsage. Aka yi ta yi, ko hutun cin abinci ba a yi ba, sai ayaba da shayi a tsaye. Da aka tashi an gwada mutum arba'in da shida.

Mwalimu ya matsa kusa da dattijon. "Yallaɓai, ba yadda za a yi gobe a rage haɗin ya koma biyu?"

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "An ce min kai ma malamin walda ne. Bututun tururi za su haɗa a kamfanin nan. In ya fashe, 'ya'yan wa ke tsaye a gindinsa?"

Mwalimu ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne.

Juma'a tun ƙarfe bakwai aka kunna inji. Sauran ɗaliban suna zaune a jere a gindin bango, kowa da lambarsa a manne a ƙirji. Nanjala tana can ƙarshe, gilashinta a cinya. Duk wanda aka kira sai ta ɗaga kai ta dubi agogon bango.

Ƙarfe goma sha biyu ana kan na sittin da ɗaya. Ƙarfe biyu, na sittin da tara. Ɗaya daga cikin injinan aro ya yi hayaƙi ya mutu.

Na ja Mwalimu gefe. "Ka yi magana a shigar da Nanjala gaba. Ba wanda zai ce komai, kowa ya san ita ce gwanar ajin."

Ya ce, "In shigar da ita in fitar da ɗan wa? Nuna min shi."

Ya kira manajan kamfanin, ya roƙi a ƙara masa zuwa Asabar. Ina jin muryar mutumin ta wayar. Ya ce sun yi alkawari sun cika, motar ma'aikata daga wani gari tana jiran kiransa ne kawai, duk gurbin da ya rage ƙarfe huɗu zai cike shi da su.

Ƙarfe uku da rabi dattijon ya rufe littafinsa a kan na saba'in da huɗu, domin sai an rubuta sakamako an sa hannu. Mutum sittin da tara suka ci. Madam Chelimo ta saka takardun a motarta ta kai da kanta, ta isa saura minti bakwai.

Rumfa ta kaure da ihu da rungume-rungume. A gindin bango kuwa mutum goma sha shida suna zaune, ba wanda ya motsa.

Nanjala ta taso a hankali ta tsaya gaban Mwalimu.

"Mwalimu, ka ga hannuna. Kai ka ce ko kai iyakarka ke nan. Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba, 'yata. Ni na yi."

Ya gaya mata duka, a tsaye, a gaban sauran. Layin da aka goge, zagin da aka yi masa, wayar da ya kife. Ni da kaina na so ya tsaya, amma bai tsaya ba.

Ta saurara har ya gama. Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba.

Ta ce, "Wato faɗanku ne na 'yan ofis. An ce maka mai tallar jarida, shi ne ni zan je in ce wa 'yar shekara biyar ta daina ƙirga kwana."

Ta ajiye gilashin a kan tebur ta fita. Bai bi ta ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Layi ukun Madam Chelimo sun isa Nairobi, kwafi ya isa teburin sakataren gunduma. Dokta Lusweti ya dawo ranar Litinin yana shirin hira da 'yan jarida a kan mutum sittin da tara, ya tarar da takardar tuhuma tana jiransa. Kafin wata ya ƙare an mayar da shi wani ofis a bayan gini, ba ma'aikata, ba mota.

Mwalimu ma bai tsira ba. Kwamiti ya ga takardar a fayil ɗinsa, ya tsallake sunansa. Ƙarin girman da ya shekara shida yana jira bai same shi ba, kuma bai taɓa yi mana ƙorafi a kai ba.

Amma gwamnatocin biyu sun tsorata da abin da ya faru, suka yarda a kafa tebur ɗaya na haɗin gwiwa a kan koyon sana'a. Aka yi ta kawo sunayen wanda zai riƙe shi. In gunduma ta kawo, ƙasa ta ƙi. In ƙasa ta kawo, gunduma ta ƙi. Suna ɗaya ne kawai ba wanda ya ɗaga hannu a kansa. Ranar da ya yi ritaya, ranar aka miƙa masa takardar sabon aikin.

Abu na farko da ya sa a gaba shi ne jarrabawar mutum goma sha shidan nan. Aka yi, goma sha biyar suka ci, Nanjala ce ta ɗaya. Sai dai guraben kamfanin sukari sun cika tuni. Ya dinga bin masana'antu da gareji-gareji da jerin sunayensu a aljihu, har Kisumu, har Eldoret, yana samar musu ɗaya bayan ɗaya. Duk tsawon lokacin nan, in ta hango shi a kasuwa sai ta canza hanya.

Wata huɗu bayan waccan Juma'ar, muna zaune da rana muna cin ugali, tuwonmu na masara, da ganye a ofis, wayarsa ta yi ƙara. Ya ga sunan, ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya sa wayar a tebur ya buɗe murya.

"Mwalimu, Nanjala ce. Masu ƙera jikin motocin nan na Eldoret da ka kai wa sunana sun ɗauke ni. Na kama ɗaki. Jiya na je ɗauko yara."

Ya ce, "Allah mun gode. Allah mun gode, 'yata."

"Tsaya, ban gama ba. Da na isa, babban ya rugo ya rungume ni. Ƙaramar ta ɓuya a bayan kakarta. Na miƙa hannu, ta ƙi zuwa. Ta ce ni mai ƙarya ce. Har a mota ba ta yarda ta zauna a cinyata ba."



Ta ce, "Na yafe maka, Mwalimu, don kai kaɗai ka tsaya a gabana ka faɗi gaskiya. Amma na ce sai ka ji wannan da kunnenka, don kada ka sake yi wa wani."

Ya ce, "Na ji." Ta kashe wayar.

Dattijo mai shekara sittin ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka a gabanmu, ba wanda ya iya ce masa ya yi shiru.

Darasi: Idan mai girman kai ya wulaƙanta ka, kada ka yi shiru kana jiran ya faɗi, domin ba shi kaɗai zai faɗi ba, kuma waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su za su fi jin jiki. Ka yi aikinka ko da ranka a ɓace yake. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka amsa laifinka yau, kada ka bari sai gobe, domin kwana ɗayan nan rayuwar wani ce. Ku tura wa duk wanda kuka san aikin jama'a yana bi ta teburinsa.